Abin da Akwatin Auta Ya Zubar

Umma ba ta kiran waya don gaisuwa kawai. In ta kira to akwai magana, sai dai takan bi da ita ta kan ciwon gwiwarta da halin maƙwabta tukuna. Ranar Alhamis ɗin nan ba ta bi ta ko'ina ba. Auta na ɗaga waya Umma ta ce mata an ba babanta takarda a wurin aiki, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihun rigar aikinsa, ita kuma ta tsince ta da za ta jiƙa wanki. Ta karanta mata ita tsaf, har da inda ruwa ya ɗan taɓa. Ana tuhumarsa da sakaci. Wai bai zagaya injinan ruwa ba, har famfo na biyu ya lalace ranar Alhamis da ta wuce, benen da yake yi wa aiki ya wuni babu ruwa daga hawa na shida zuwa sama. Ranar Litinin zai bayyana gaban manaja, kuma takardar ta ce ana iya sallamarsa.

"Kwana uku ke nan yana ture kwanon abinci," in ji Umma. "Kada ki ce ni na gaya miki."

Baba ya shekara ashirin da shida a ɗakin injinan da ke ƙarƙashin wannan bene mai hawa goma sha biyu, saura masa wata takwas ya yi ritaya. Ma'aikatan gidan Mai Kunne suke ce masa, don shi ba ya duba inji da ido. Yana da wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi, wadda ta girmi Auta. In ya zo kan famfo sai ya ƙwanƙwasa jikinsa sau biyu da mariƙin, ya ɗora bakin sukudirebar a kan ƙarfen, ya kafa kunne a mariƙin, ya lumshe ido. In an tambaye shi amfanin ƙwanƙwasawar sai ya ce ai ba a faɗa wa mutum ɗaki haka kawai. Mutumin da ke neman izinin famfo kafin ya saurare shi, shi ne wai bai zagaya ba.

Amma ta san ta inda aka kama shi. Bara hukumar gidan ta raba wa ma'aikata kati, aka manna wata 'yar na'ura kusa da kowane inji, aka ce duk wanda ya zo zagaye ya taɓa katinsa a jiki don a san ya zo. Baba ya karɓi nasa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai shi gida. Tun daga ranar Umma ke kankare ƙanƙarar firji da shi. Saboda haka a allon ofis, Mai Kunne ya shekara guda bai leƙa ɗakin injinan ba. Babu wanda ya damu sai da ruwa ya ɗauke.

Auta ta san ɗakin nan ciki da waje, ba don babanta kawai ba. Kamfanin da take wa aikin injiniya shi aka ba kwangilar sa ido a kan injinan, ita kuma aka turo. Da hannunta ta manna ƙananan na'urorin da ake kira sensa a jikin kowane famfo, masu jin rawar ƙarfe sau dubu a kowane sakan. Bayani mai yawa haka ba ya aikuwa gaba ɗaya zuwa manyan kwamfutocin kamfani da ke nesa, waɗanda 'yan sana'ar ke kira gajimare, don layin ba zai ɗauka ba. Sai ta kafa wani ɗan akwati mai ruwan toka a bangon ɗakin, wanda ke karɓar komai nan take, ya tankaɗe, ya aika tsaba kawai, lamba ɗaya duk bayan minti goma sha biyar. Irin wannan aiki na kusa da inji shi suke kira hazo, wato gajimaren da ya sauko ƙasa. Ranar da ta yi wa Baba wannan bayani ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce in dai rariya ce ai Umma na da guda uku, da an tambaye ta.

Dokar tankaɗen ita ta rubuta ta, kuma tana alfahari da ita. Duk motsin da bai kai rabin sakan ba, akwatin ya ɗauke shi a matsayin tsaki, kada ya aika sama. Tana cikin motar haya a hanyar zuwa wurin Baba bayan wayar Umma, an tsaya a danja, abin ya faɗo mata. Ƙwanƙwasa biyu da mariƙin sukudireba ai motsi ne da bai kai rabin sakan ba. Akwatin ya ji kowace ɗaya, bai dai aika ba. Kuma ba ya zubar da ɗanyen bayanin nan da nan, yakan riƙe na kwana goma a cikinsa, sabo na shigowa yana taka mafi tsufa. Ta ƙirga da yatsu. Kwana bakwai da lalacewar famfon, ke nan saura kwana ukun da suka gabaci ranar, kuma kowace awa ta wuce ta ci awa guda daga cikinsu. Kafin Litinin babu abin da zai rage. Ɗanyen bayanin kuwa ba a jawo shi daga nesa, sai an shiga ɗakin an jona waya.

Ta same shi a ƙasan matakala, bakin ƙofar ƙarfen ɗakin injinan, zaune a kan kifaffen bokitin fenti yana goge wata sifana da ba ta da datti. Ya ɗaga kai ya ce a'a, Injiniya da kanta, yau kuma wace na'urar ce ta yi ƙararmu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mijinta da 'yar jikarsa, ya tambayi ko haƙorin ya gama fitowa. Bai tambayi abin da ya kawo ta ba, don ya san aikin Umma in ya gan shi.

Auta ba ta iya riƙe albishir. Tun kafin ta sauke jaka ta zazzage masa komai, ƙwanƙwasawar, da akwatin, da kwana ukun da suka rage. Ta ce masa kowane zuwa da ya yi yana nan da lokacinsa har sakan, ya buɗe mata kawai, minti ashirin ya ishe ta. Fuskarsa ta washe kamar yaron da aka ce ya ci jarrabawa. Ya miƙe, ya zaro makullin daga aljihu, har ya kai shi bakin kwaɗon. Sai ya tsaya.

"Auta, akwatin nan naki, in ya ji ƙwanƙwasata, to ya ji kukan boris ɗin?"

Ta ce wane kuka. Ya ce kwana uku kafin famfon ya tsaya, boris ɗin cikinsa, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki, ya riƙa yin wani ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi, gajere ƙwarai, sai mai kunne a jikin ƙarfe zai ji. Ya tare mai duba aiki a kan matakalar nan ya gaya masa, shi kuwa ya duba wayarsa ya nuna masa allon kore shar, ya ce na'ura ta ce lafiya lau, ya bar tsoratar da mutane.

Auta ta tuna dokarta. Ƙas ɗin da bai kai rabin sakan ba. Akwatin an kafa shi ne don ya yi gargaɗi kafin inji ya lalace, ga shi gargaɗin ya zo masa kwana uku a jere, shi kuma yana zuba shi a tsaki bisa umarninta. Baba kuwa ya yi shekara talatin yana karanta fuskar nan. Ya gane shaidar da za ta wanke shi ita ce za ta nuna wanda ya yi kuskuren. Ya mayar da makullin aljihu, ya danna maɓallin aljihun.

"Zo mu sha shayi," ya ce.

Akwai wani ɗan shago a tsallaken titi mai tebur uku da fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Can ya kai ta. Baba mutum ne da ke shanye shayi a tsaye cikin kurɓi huɗu, amma ranar sai da ya sa aka sake ɗumama masa kofi ɗaya sau biyu. Ya ba ta labarin ranar da aka kawo famfo na ɗaya, ya ba ta na wata kyanwa da ta taɓa zama a ɗakin shekara shida, ya tambaye ta ko ta tuna takalmin makarantar da ta jefa a kwata don ba ta son launinsa. Duk labarin da ya ƙare sai ya jawo wani ta wutsiya. Ita kuwa idonta na kan agogon bango, tana jin kowane minti yana goge wani abu a ƙarƙashin benen can. Ta ji haushinsa, ta kuma ji ƙaunarsa har ta rasa inda za ta sa kanta. Tsoho ne da bai iya ƙarya ba, ga shi yana fama da dabara a bainar jama'a duk saboda ita.

Da ta gaji ta ce masa ta san abin da yake yi. Bai musa ba. Ya ce lissafin a fili yake. Shi saura masa wata takwas, ita saura mata shekara talatin. In an sallame shi zai koma gida ya dami Umma, wanda dama shi ne shirinsa. In kuwa aka rubuta a takardarta cewa na'urarta ta kwana uku tana jin inji na kuka ta yi shiru, wannan rubutu zai bi ta duk inda ta je neman aiki. Kuma ai da gaske bai taɓa katin ba, laifin ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Ya faɗi wannan yana juya cokali a kofin da babu komai, muryarsa daram, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Auta ta san abin da ake nufi da a kira shi mai sakaci. Mutumin da ke barin biki ya dawo don ya tuna wani inji ya yi masa wani iri da safe.

Ta ce akwai makulli na biyu a ofis, hawa na ɗaya, in ta nuna katin kamfaninsu za a ba ta. Ya ce haka ne, ta je ta karɓa. Suka tsallaka titi tare, suka shiga benen, ga matakalar sama ga ta ƙasa. Auta ta tsaya ta dubi ta saman. Sannan ta bi bayansa ƙasa, ta ja bokitin fentin ta zauna, ta ɗora jakar kwamfuta a cinya. Ba za ta tsallake babanta ta shiga ɗakinsa da makullin wani ba. Shi ma ya sani, shi ya sa ya ce ta je.

Suka zauna, ita a kan bokiti shi a kan matakala ta biyu, injinan na gurnani a bayan ƙofa. Duk dangi sun san taurin kan Auta ba a ƙasa ta tsince shi ba. Mai shara ta wuce da tsintsiyarta ta gaishe su, ta dawo bayan rabin awa ta same su yadda ta bar su, ta tambaya ko makoki ake yi.

Auta ce ta fara magana, kuma ba roƙo ta yi ba.

"Baba, dokar nan da na rubuta ba a akwatin nan kaɗai take ba. Tana cikin wasu goma sha ɗaya, a gine-gine goma sha ɗaya. Duk allonsu kore ne yanzu haka. Kuma babu Mai Kunne a ko ɗaya."

Ya ɗago. Ta ce ko ya buɗe ko bai buɗe ba, gobe da safe za ta gaya wa shugabanta, don ba za ta iya kwana da wannan a ciki ba. Bambancin kawai shi ne, in ya buɗe za ta je da shaida, a ga irin kukan da ya kamata akwatin ya riƙa kamawa, a gyara na sauran. In bai buɗe ba za ta je da baki, a yi ta gardama wata da watanni, shi kuma a sallame shi a banza.

Baba ya dubi ƙofar ƙarfen. Sannan ya tambaya, cikin goma sha ɗayan nan akwai masu tsofaffin injina irin nasa? Ta ce bakwai. Ya ja tsaki, ya ce wa kansa wani abu game da mutanen da ke barin inji a hannun allo, ya miƙe yana dafa gwiwa. Makullin ya yi masa gardama a aljihu. Da ƙofar ta buɗe ya ce mata ta kula da man da ya zube ta hagu, kamar yau ta fara shiga.

Ta jona waya, ta fara kwafe mafi tsufa tukuna. Shayin Baba ya ci musu awa uku na safiyar Litinin waccan, sun tafi ke nan. Sauran na nan. Da zanen ya fito a allon kwamfutar, dogon layi ne mai ɗan rawa, sai ga tsinke biyu a tsaye kusa da juna, can gaba wasu biyu, can gaba wasu biyu. A famfo na ɗaya sau biyu a wuni. A famfo na biyu, ranar Litinin sau biyar daga azahar zuwa tashi, Talata sau tara, Laraba sau goma sha huɗu. Laraba kuwa ranar hutunsa ce. Tsakanin tsinkayen ga wasu ƙananan ɗigo, tsilli-tsilli da farko, sannan suna ƙara cunkushewa har layin ya zama kamar haƙoran zarto.

Baba ya sunkuyo ta kafaɗarta, ya manta tabarau a gida, yana matse ido. Ya sa yatsa mai baƙin mai a kan allon, abin da ta hana kowa yi a duniya, ya nuna tsinkayen, ya ce wannan ƙwanƙwasarsa ce? Ta ce ita ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a hankali. Da ya kai na Laraba ya ce kada ta nuna wa Umma wannan, don ce mata ya yi ya tafi aski. Auta ta yi dariya har hawaye suka zo, kuma da suka zo ba su tsaya a na dariya ba.

Washegari ta kai wa shugabanta komai, kamar yadda ta ce. Bai yi faɗa ba, ya dai cire tabarau ya daɗe yana murza ido, sannan ya sa aka fara sauya dokar a sauran gine-ginen tun kafin azahar. Ya ce zai zo zaman Litinin da kansa.

Ɗakin taron ƙarami ne, tebur ɗaya dogo da kujeru shida. Manaja a kai, sakatare a gefensa da littafi, mai duba aiki, shugaban Auta, sai ita da Baba, wanda Umma ta goge wa rigar aiki har tana iya tsayuwa da kanta. Auta ta juya allon kowa ya gani, ta nuna tsinkayen da lokutansu. Mai duba aiki ya dubi na Talata da ƙarfe goma, ya yi gyaran murya, ya ce yanzu da aka faɗa ya tuna an tare shi a matakala wajen wannan lokaci. Daga nan manaja ya nuna ƙananan ɗigon da bakin biro, ya tambaya me ya sa wannan bai taɓa iso allonsu ba.

Baba ya buɗe baki. Auta ta ɗora hannu a kan hannunsa a ƙarƙashin tebur.

"Ni na hana shi isowa," ta ce. "Ni na rubuta dokar da ta zubar da shi. Na ɗauka tsaki ne."

Abin da ya biyo baya bai ɗauki minti goma ba. Manaja ya janye takardar tuhuma, ya ce amma maganar kati tana nan, dole a riƙa taɓawa. Shugaban Auta ya ce kamfani ya karɓi kuskuren, za a turo wani injiniya ya riƙe wannan gini, ita kuma za a sa takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Auta ta gyaɗa kai. Ta san haka za a yi, amma sanin bai hana abin yi mata ciwo ba. Sakatare na ta rubutu, manaja ya fara tattara takardunsa, ya tambayi Baba don cika ƙa'ida ko yana da abin ƙarawa.

Baba ya miƙe tsaye, abin da babu wanda ya ce ya yi. Bai dubi manaja ba, sakatare ya duba.

"Duk abin da aka faɗa a nan kana rubutawa?"

Sakatare ya ce e.

"To rubuta cewa ba kama ta aka yi ba. Da ta yi shiru kwana uku, da babu wanda zai sani har abada. Ni na kulle ƙofa na hana ta, ta zauna a kan bokiti har na buɗe. Rubuta haka."

Sakatare ya dubi manaja, manaja ya ɗaga kafaɗa, biro ya ci gaba da tafiya. Baba bai zauna ba. Da biron ya tsaya ya ce a karanta masa. Sakatare ya karanta, ya tsallake bokitin, Baba ya ce a mayar da shi. Aka mayar, aka sake karantawa daga farko, Auta na kallon tebur don ba ta yarda da idonta ba. Sai da ya ji kowace kalma a wurinta sannan ya juya ga shugabanta, ya ce in za a sa waccan takarda a fayil ɗin 'yarsa, a haɗa da wannan a manne su wuri ɗaya, wannan a sama.